Ƙwarangwal ɗin Kwamfuta da Hausar Bakin Nilu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara janyo Hausawa, galibi maniyyatan da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Hausarsu ta daɗe tana cuɗanya da Larabci, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa garuruwa da dama, Wad Madani ma bai tsira ba. Dattijon da ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da kalmomin da ƙamus bai sani ba.

A ganina, duk ɗalibin da zai ɗauki aikin taskace wannan Hausa, ƙaramar kwamfutar tebur da ake sayarwa ƙwarangwal ita ta dace da shi. An kira ta haka ne domin akwati kawai ake ba ka, da allon da ke haɗa sassa, wani lokaci da injin sarrafawa. Ƙwaƙwalwar aiki da rumbun ajiya da manhaja kai za ka sa, gwargwadon aljihunka. Irin su NUC, wadda Intel ya ƙera kafin ya miƙa wa ASUS a 2023, ba su fi tafin hannu biyu ba.

Hujjata ta farko wuta ce. Babbar kwamfutar wasa mai katin hoto tana shan wat ɗaruruwa, wannan kuwa 'yan gomomi sun ishe ta, har faifan hasken rana da batir su riƙe ta. Ta biyu gyara: rumbu ya lalace, a cire shi a sa wani. Ta uku sauƙin ɗauka, domin wanda ya san gudun hijira ya san darajar abin da ke shiga jaka.

Masu ja za su ce kwamfutar cinya ta fi, tunda tana da batir da fuska a jikinta. Gaskiyarsu ga mai yawo gida gida yana naɗar hira. Amma aikin zama, wato tace murya, rubuta ta da ɓ da ɗ da ƙ, da adana hotunan takardun ajami, yana son babbar fuska da rumbu mai faɗi. Zafi da ƙura kuma maƙiyanta ne, sai da inuwa da yawan sharewa. Samarin da ke son wasanni masu nauyi ba za ta gamsar da su ba, sai masu sauƙi.

Daidai ruwa daidai tsaki. A sayi abin da wutar ƙauye za ta iya ɗauka, a fara da tsofaffin Mai Wurno tun suna raye, a kuma ajiye kwafi biyu a garuruwa biyu.