Wa Ya Cancanci Shiga Zauren Gwarazan Besbol?

A wani ɗan ƙaramin gari mai suna Cooperstown, cikin jihar New York ta ƙasar Amurka, akwai wani gida wanda kowane ɗan wasan besbol yake burin a kafa sunansa a jikin bangonsa. Shi ne Zauren Gwaraza. A shekarar 1936 aka zaɓi rukunin farko na waɗanda za su shiga cikinsa, su biyar, wato Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, sa'annan aka buɗe ginin a 1939. Duk wanda aka zaɓa, ana ƙera masa allon tagulla mai ɗauke da siffar fuskarsa da taƙaitaccen bayanin bajintarsa. A wurin 'yan wannan wasa babu wata daraja da ta kai wannan allo, domin kofi na shekara guda ne, allo kuwa jikoki ma za su zo su gani.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice: mutum ɗaya yana jefo ƙwallo da ƙarfi, wani kuma yana ƙoƙarin bugunsa da kulki. Idan mai bugu ya maka ƙwallon har ya tsallake katangar fili, to ya yi bugu mafi daraja a wasan, wanda za mu kira bugun tsallake. Mutumin da ya fi kowa yawan irin wannan bugu a tarihin manyan gasannin Amurka shi ne Barry Bonds, wanda ya yi 762. Shi kaɗai ne kuma aka taɓa zaɓa gwarzon shekara har sau bakwai. Amma ba ya cikin Zauren. Haka nan Roger Clemens, wanda ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin jifa sau bakwai, adadin da babu wanda ya kai, shi ma yana waje. Dalili kuwa shi ne zargin da ake yi musu na amfani da magungunan ƙara kuzari. A ganina hana mutanen nan biyu shiga kuskure ne, ko da yake masu hana su ba su rasa hujja ba.

Masu zaɓen su ne 'yan ƙungiyar marubuta labarin besbol, kusan mutum 400, kowannensu sai ya shekara goma cikin ƙungiyar kafin ya sami ikon jefa ƙuri'a. Ɗan wasa ba ya shiga takara sai ya yi wasa aƙalla shekara goma, ya kuma shekara biyar da yin ritaya. Dole ne ya sami kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un, kuma tun 2014 shekara goma kawai sunansa zai iya yi a kan takardar zaɓe. Bonds ya fara da kashi 36 a 2013, shekarar da marubutan ba su zaɓi ko mutum ɗaya ba. Ya riƙa hawa sannu a hankali, har a shekararsa ta ƙarshe, 2022, ya kai kashi 66, Clemens kuma kashi 65. Daga nan maganarsu ta koma hannun wani ƙaramin kwamiti na mutum 16, wanda ya zauna a watan Disamba na 2022, kowannensu bai sami ko ƙuri'a huɗu ba.

Abin da ya tsare musu hanya wata ƙa'ida ce da ta umarci masu zaɓe su duba, ban da gwaninta, har da gaskiyar mutum da halinsa da ladabinsa a fagen wasa. Ƙa'idar tana da daɗin ji. Amma a duba waɗanda suka riga suka shige ta ƙarƙashinta. Cap Anson, wanda aka shigar a 1939, ya shahara da ƙin fita fili idan akwai baƙar fata a cikin abokan karawarsa, a shekarun 1880, kuma yana cikin waɗanda suka jawo aka rufe wa baƙaƙe ƙofar manyan gasanni. Kenesaw Mountain Landis ya shugabanci wasan daga 1920 har mutuwarsa a 1944, kuma a duk tsawon mulkinsa ƙofar nan a rufe take, sai a 1947 Jackie Robinson ya ɓalle ta. Landis ya shiga Zauren a shekarar da ya mutu. Gaylord Perry kuwa littafi guda ya wallafa a 1974 yana ba da labarin yadda yake shafa wa ƙwallo yawu da maiƙo, abin da doka ta hana, aka yi dariya, aka shigar da shi a 1991. Ban kawo waɗannan sunaye don a ciro allunansu ba. Na kawo su ne don mai karatu ya ga cewa mudun da ake auna hali da shi ya daɗe a rataye, ba a sauko da shi da gaske ba sai da aka zo kan 'yan wasan shekarun 1990.

Su waɗannan shekaru suna bukatar a tsaya a kansu. A 1994 'yan wasa suka shiga yajin aiki, har aka soke wasan ƙarshe na cin kofi, 'yan kallo suka yi fushi, da yawa suka daina zuwa fili. Cikin abubuwan da suka dawo da su akwai tseren da Mark McGwire da Sammy Sosa suka yi a 1998, inda McGwire ya yi bugun tsallake 70, Sosa ya yi 66, dukkansu suka wuce 61 ɗin da Roger Maris ya kafa tun 1961. Filaye suka cika, kuɗi suka shigo. Ana cikin wannan biki wani ɗan jarida ya hango kwalbar wani maganin gina jiki a ma'ajiyar kayan McGwire, ya rubuta labarin, sai aka yi masa ca, har da wasu abokan aikinsa, wai ya shiga abin da ba ruwansa. Gaskiya ne dokar Amurka ta hana mallakar irin manyan magungunan nan ba tare da izinin likita ba tun 1990, kuma hukumar wasan ta aika wa ƙungiyoyi takardar hani a 1991. Sai dai hani ne marar haƙori: ba a fara gwajin 'yan wasa ba sai 2003, shi ma don ƙididdiga kawai, gwaji mai hukunci kuwa sai 2004. Fiye da shekara goma masu ƙungiyoyi da masu horarwa da ƙungiyar 'yan wasa da marubuta suna kallon jikin mutane yana kumbura, kowa ya kau da kai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, ina waɗancan manya suke a yau? Bud Selig, wanda ya riƙe ragamar wasan daga 1992 zuwa farkon 2015, ya shiga Zauren a 2017. Tony La Russa, mai horarwar da McGwire ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Oakland da St. Louis, ya shiga a 2014, tare da Joe Torre wanda ya ci kofi da Clemens a New York. McGwire, wanda ya fito a 2010 ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan, ko kusa bai kai ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake kira kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wani abin mamaki kuma, a zaɓen 2022 ɗin da aka sallami Bonds da Clemens, a shi aka shigar da David Ortiz a karonsa na farko, alhali tun 2009 wata jarida ta ruwaito cewa sunansa yana cikin jerin waɗanda gwajin 2003 ya nuna wani abu a jikinsu. Ortiz ya musanta, hukuma ma ta ce ba duk sakamakon wancan gwaji ne abin dogaro ba, kuma na yarda ya cancanci shiga. Amma da wuya mutum ya kasa lura cewa Ortiz mai fara'a ne, abokin kowa, Bonds kuwa ya shekara ashirin yana ɗaure wa 'yan jarida fuska, kuma su ne masu ƙuri'a.

Ba na cewa hannun mutanen nan biyu a wanke yake. Sunayensu sun fito a rahoton da tsohon sanata George Mitchell ya gabatar a watan Disamba na 2007. Bonds ya ce bai taɓa shan abin da aka haramta da saninsa ba, Clemens ya musanta gaba ɗaya. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar rantsuwa a kan ƙarya a 2012, hukuncin da aka yanke wa Bonds a 2011 na kawo wa shari'a cikas kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015. Duk da haka mutane da yawa ba su gamsu ba, kuma ba a ce dole su gamsu ba. Amma ko da an ɗauki zargin duka gaskiya ne, masu zargin kansu sun ce Bonds ya fara ne bayan kakar 1998, shi kuwa Clemens a cikin 1998. Kafin wannan lokaci Bonds ya riga ya zama gwarzon shekara sau uku, a 1990 da 1992 da 1993, ya kuma haura bugun tsallake 400. Clemens ya riga ya karɓi kyautar Cy Young sau huɗu. Da a ce sun ajiye wasa a lokacin, da tuni allunansu sun yi ƙura a Cooperstown.

Hujjar masu adawa da ta fi nauyi a wurina ita ce ta waɗanda aka cuta. Akwai 'yan wasan da suka ƙi shan komai, suka rasa gurbi da albashi ga waɗanda suka sha, kuma yawancinsu ba wanda ya san sunansu. Fred McGriff, wanda ba a taɓa zarginsa da komai ba, ya yi bugun tsallake 493, adadin da a wani zamani da ya ishe shi, amma saboda ya yi wasa kusa da masu 600 da 700 sai nasa ya zama kamar ba kome ba. Shekara goma yana kan takardar zaɓe bai taɓa kai kashi 40 ba, sai kwamitin 2022 ne ya shigar da shi da ƙuri'u 16 cif. Haka kuma akwai Hank Aaron, wanda ya jure wasiƙun barazanar kisa daga masu wariyar launin fata kafin ya wuce Babe Ruth a 1974, ya tsaya a kan 755, har Bonds ya zo ya wuce shi a 2007. Duk wanda ya ji zafin wannan yana da gaskiya. Sai dai maganin cutar da aka yi wa McGriff shi ne a shigar da McGriff, an kuwa yi, ko da yake a makare. Barin Bonds a waje bai mayar wa kowa gurbinsa ko albashinsa ba.

A ina za a ja layi, tun da dole a ja shi? A nawa ra'ayi, a inda doka ta fito fili, hukuncinta kuma ya zama sananne. Manny Ramirez an dakatar da shi wasa 50 a 2009, Alex Rodriguez kuma an hana shi wasa duk kakar 2014. Waɗannan sun san akwai gwaji, sun san abin da zai biyo baya, don haka mai zaɓen da ya ƙi su yana tsaye a kan wani abu mai ƙwari.

Wannan layi shi ne kuma ya raba ni da masoyan Pete Rose, mai riƙe da tarihin yawan bugun da ke kai mai shi tasha lafiya, har 4,256. Tun bayan abin kunyar 1919, lokacin da aka zargi 'yan wasan Chicago takwas da sayar da wasan ƙarshe ga 'yan caca, babu laifin da wasan ya fi tsananta wa kamar caca. Dokar tana manne a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya, kuma ta faɗi hukuncin ƙarara: wanda ya yi caca a kan wasan da yake da hannu a ciki, an kore shi har abada. Rose ya yi cacar yana mai horar da Cincinnati, aka kore shi a 1989, ya yi ta musu har 2004 kafin ya amsa. Mai shan magani yana neman nasara ne ta haramtacciyar hanya. Mai horarwa ɗan caca kuwa yana sa ɗan kallo ya fara tambayar kansa ko abin da yake gani wasa ne ko ciniki. Rose ya rasu a watan Satumba na 2024, a watan Mayu na 2025 kuma hukumar wasan ta ce kora tana ƙarewa da mutuwar mai ita, abin da ya buɗe masa hanyar shiga takara. Kwamiti zai duba maganarsa nan gaba. Da ina cikinsa, da ban ba shi ƙuri'ata ba.

Game da Bonds da Clemens, abin da nake nema shi ne a shigar da su, a kuma rubuta gaskiya a kan allunansu: ga abin da suka yi a fili, ga zargin da ya biyo su, ga zamanin da suka yi wasa a cikinsa. Kuma a yi shi suna raye, kada a maimaita abin da ya sami Ron Santo, wanda ya rasu a 2010 aka zaɓe shi a 2011, ko Buck O'Neil na gasar baƙaƙen fata, wanda aka tsallake a 2006, ya rasu a wannan shekara, aka shigar da shi a 2022. Gidan ma ya riga ya nuna cewa ya iya faɗin irin wannan gaskiya. Ƙwallon da Bonds ya buga ya wuce Aaron, wato na 756, wani attajiri ne ya saye shi a 2007, ya sa jama'a suka kaɗa ƙuri'a ta intanet a kan abin da za a yi da shi, aka yi masa tambarin tauraro a jiki don nuna shakku, sa'annan aka miƙa shi ga gidan tarihin da ke Cooperstown a 2008. Masu gidan suka karɓe shi da tambarinsa, suka ajiye shi cikin gilashi inda masu ziyara za su gani.