Kafin Ka Ɗaga Adda, Ka San Abin Da Za Ka Sara



A gidan da muke haya a Sabo, Ibadan, akwai wata shuka da ta lulluɓe katangar baya. Wata Asabar Baba ya dawo daga kasuwa ya ce, "Kai, ɗauko adda ka share min wannan dajin, maciji kawai zai tara mana." Na ce, "Baba, a yi haƙuri in tambayi mai gida tukuna."

Allah Ya sa na tambaya. Dattijon, Bayarabe ne, ya ce marigayiya matarsa ce ta shuka ta da hannunta. To da na sare fa, da wane ido zan dube shi?

Turawa na kiranta honisokul ta Kef, asalinta kudancin Afirka ne. Ganinta ba wuya: furenta ruwan goro ne, dogo kamar ƙaramin kakaki, ganyenta ƙanana jere a kara ɗaya, bakinsu kamar zarto. Ba ita ce honisokul ta Japan mai ƙamshi ba, wadda furenta ke fitowa fari ya koma rawaya.

Gyaranta kuwa sai an yi haƙuri furen ya ja baya. A fara cire busassun rassa, sannan a yanke ɗaya cikin uku na tsofaffin tun daga gindi. Reshen da ya kwanta ƙasa saiwa yake yi, a tumɓuke shi. Haka na yi. Ƙasan ya washe, maciji ba shi da maɓoya, Baba ya samu abin da yake so, mai gida kuma furen matarsa na nan.

Ra'ayina shi ne, yawancinmu muna zaune a kudu ne kamar gobe za mu tashi. Ba ma shuka, wadda muka tarar ma sai mu ce daji ce. Wani zai ce ai gidan haya ne, meye namu? Amma tun 1916 aka kafa Sabo, a nan aka haife ni, a nan na yi sakandare. Wanda ya shekara ɗari a wuri ai ya wuce baƙo, kuma maƙwabta na lura da yadda muke riƙe abin da muka tarar.

Don Allah a riƙa tambaya kafin a sara.