Wanda Ruwa Ya Kora, Wace Doka Ke Tsaya Masa?

Jama'ar Bodinga da Shagari, akwai maganar da nake so mu duba kafin damina ta sake zagayowa. Duk shekarar da ambaliya ta ci gonaki da gidaje, abin da muka saba gani shi ne buhun shinkafa, tabarma da ɗaukar hoto. Mutane kuma su yi ta godiya kamar an yi musu alfarma. Ni a ganina haƙƙinsu ne.

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta san wanda ya tsallake iyaka saboda ana zaluntarsa kan addini, ƙabila ko siyasa. Ba ta san manomin da fari ko ruwa ya raba da gidansa ba. Wani mutumin tsibirin Kiribati, Ioane Teitiota, ya nemi mafaka a ƙasar waje saboda teku na cinye ƙasarsu, bai yi nasara ba.

To amma mu namu yawanci ba sa tsallake iyaka. Sakkwato suke shiga, ko su raɓa gidan dangi. Su ne yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta yi magana a kansu. Tarayyar Afirka ce ta yi ta, kuma ta ambaci sauyin yanayi ƙarara: wajibi ne gwamnati ta kare wanda bala'i ya raba da muhallinsa, ta taimaka masa. Najeriya ta amince da ita a 2012, shekarar da ambaliya ta raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu. Nijar maƙwabciyarmu ta mayar da ita dokar ƙasa tun 2018, mu kuwa aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa.

Takarda a Abuja ba ta gina ɗaki a ƙauye. Don haka ina kira ga 'yan majalisar dokokin jihar Sakkwato, musamman masu wakiltar Bodinga da Shagari, su kawo doka ta jiha: a rubuta sunan duk wanda ruwa ya kora, a ba shi fili a kan tudu da irin shuka, kuma a riƙa bayyana yadda aka kashe kuɗin asusun kare muhalli.

Duk mai neman ƙuri'armu, ko daga wace jam'iyya yake, mu tambaye shi matsayinsa kan wannan. Allah ya ba mu damina mai albarka.