Ɗalibin Larabci Ma Yana Da Rabo A Ilimin Haske

 

Da yawa daga cikinmu in an shigo darasin lissafi ko kimiyya sai mu koma bayan aji, wai wannan na ƴan boko ne. Ni dai ina ganin asara muke yi, kuma ga hujjata.

Akwai wani farfesan injiniya a jami'ar MIT ta Amurka, sunansa James Fujimoto. Shi ba likita ba ne, haske ya karanta. A 1991 shi da ɗalibinsa David Huang da abokin aikinsu Eric Swanson da wasu suka fito da hanyar ɗaukar hoton cikin ido da ake kira OCT. Kamar na'urar da ake duba mai juna biyu take, sai dai ita da sauti take aiki, wannan kuwa da haske. Ana raba hasken gida biyu, ɗaya ya shiga ido, ɗaya ya tafi ga madubi. In sun dawo sun haɗu, sai kwamfuta ta gwama su, ta zana tantanin da ke can ƙuryar ido hawa-hawa. Ba yanka, ba allura, cikin daƙiƙu an gama. Da ita likita ke gano ɓarnar ciwon suga da ta hawan jinin ido tun gani bai tafi ba. A 2023 aka ba su ukun lambar yabo ta Lasker.

To wa ya share musu hanya? Cikin manyan magabatan wannan fanni akwai Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Da Larabci ya rubuta, harshen da muke hadda da shi kullum.

Wasu iyaye suna tsoron kada yaro ya shagala ya saki Alƙur'ani. Tsoron yana da dalili, mun ga waɗanda suka saki. Amma malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa likitanci farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari duk an yi laifi. Dattijo nawa ne a unguwanninmu suka daina karanta Mus'hafi saboda ido? Wa zai duba su, wa zai gyara na'urar in ta lalace?

Roƙona ga malamai, a ba lissafi da kimiyya lokaci mai kyau, ba ragowar yamma ba. Mu kuma ɗalibai mu matso gaban aji. Wanda ya iya haddace izu sittin, lissafi ba zai gagare shi ba in sha Allahu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.