Kafin Ka Kifa Kanka Ƙasa, Tsaya Ka Karanta



Waɗanda suka gan ni makon jiya ina tafiya wuya a karkace suka yi ta dariya, yau zan faɗa muku gaskiya. Ba kwanciya na yi ba daidai ba, kamar yadda na ce wa Malam. A wayar yayana na ga bidiyon wani mutum yana yoga, ya kafa kansa a ƙasa, ƙafafu a sama, ko motsi ba ya yi. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na shiga ɗaki na gwada a kan siminti, na kife, wuyana ya murɗe. Kwana biyar ba na iya waiwaye. Mama ta shafa mini man zafi tana faɗa, kuma gwajin lissafi ya wuce ni.

Da na samu sauƙi sai na roƙi yayana muka bincika abin. Sunansa ashtanga yoga. Ra'ayina a yau shi ne: kada wani ɗalibi ya fara shi daga kallon bidiyo shi kaɗai a ɗaki. Amma akwai darasi a cikin yadda masu shi suke koyarwa, wanda ya kamata makarantarmu ta duba.

Asalinsa daga birnin Maisur ne, a kudancin ƙasar Indiya. Wanda ya yaɗa shi sunansa Pattabhi Jois. An haife shi a 1915, ya rasu a 2009, kuma ya buɗe makarantarsa a 1948. Shi ma wajen malaminsa Krishnamacharya ya koya, ya yi shekaru a gabansa. Kalmar ashtanga tana nufin gaɓoɓi takwas a harshen Sanskirit. Motsa jikin da muke gani gaɓa ɗaya ce kawai a cikin takwas ɗin. Sauran sun haɗa da kyawun hali, kame kai, sarrafa numfashi da tattara hankali.

Atisayen yana da matakai shida, kuma kowane mataki a jere yake, ba a tsallake komai. Matakin farko kaɗai yana cin kusan awa ɗaya da rabi. Ta hanci ake numfashi, baki a rufe, kuma a yawancin tsayuwa ana yin numfashi biyar kafin a wuce gaba. Kwana shida ake yi a mako, a huta rana ɗaya. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tsayuwa da ka ɗin da na fara da ita tana can kusa da ƙarshe, bayan jiki ya yi zafi ya saki. Ni kuwa daga tashi barci na afka mata.

Ga abin da ya burge ni. A tsarin Maisur, sabon ɗalibi ba ya yin duka a ranar farko. Malami yana ba shi kaɗan, ya tsaya yana kallonsa yana gyara masa. Sai ya iya wannan sannan a ƙara masa na gaba. Da na ji haka sai na tuna makarantar allo, inda ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya. Da rarrafe yaro kan tashi. Bidiyo kuwa ba ya ganinka. Ba zai ce maka gwiwarka ta karkace ba, kuma idan ka faɗi ci gaba zai yi da abinsa.

Akwai wata magana da ta fi wuyana muhimmanci, wato ta addini. Yoga ta taso ne a cikin al'ada da addinan mutanen Indiya. A ashtanga ana buɗewa da wani karatu na Sanskirit na girmama malamansu na da, sannan motsin farko sunansa Surya Namaskara, ma'ana gaisuwa ga rana. Shi ya sa a 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga, saboda abubuwan addinin Hindu da ke cikinta. A ɗaya gefen kuma, a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, kuma mutane da yawa suna yin ta don lafiyar jiki kawai. Ni yaro ne, ba ni zan yanke hukunci ba. Amma ba zan maimaita kalmomin da ban san ma'anarsu ba, kuma ba zan rusuna wa rana ba. Ko Musulmi ne kai ko Kirista, ka tambayi iyayenka da malaminka na addini tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

Na san wani zai ce, “To a bar abin gaba ɗaya mana. Mu da muke ɗebo ruwa, mu yi shara, mu tako ƙafa zuwa makaranta, wane motsa jiki ya rage mana?” Gaskiya ne muna aiki. Amma ɗaukar jarka daban, miƙe jiki daban. Muna zaune mu huɗu ko biyar a benci ɗaya tun safe har azahar, wasu ma a ƙasa, baya a lanƙwashe muna kwafar rubutu. Ku gwada yanzu: mutum nawa ne a ajinku zai iya taɓa yatsun ƙafarsa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba? Miƙe hannu, sunkuyawa a hankali da jan numfashi mai tsawo ba mallakar kowace ƙasa ba ne. 'Yan ƙwallo ma suna yi kafin su shiga fili.

Saboda haka ina da roƙo ga shugaban makaranta da malamanmu na darasin PHE. Sau da yawa a cikin aji muke yin darasin, muna rubuta amfanin motsa jiki a littafi alhali ba mu motsa ba. A ba mu minti goma a farkon darasin mu fita ƙarƙashin bishiya, maza gefe guda, mata gefe guda tare da malama, a koya mana miƙe jiki da numfashi. Ba a buƙatar kuɗi ko kayan aiki, tabarma ta isa. A bi da mu mataki-mataki kamar yadda ake yi a Maisur, ba tare da wani karatu ko gaisuwa ga wani abu ba. Idan aka koya mana a fili a gaban malami, ba za mu je muna gwadawa a ɓoye ba.

Ku kuma 'yan'uwana, kafin a amsa mana roƙon nan, ga abin da wuyana ya koya mini. Kada ku yi a kan siminti. Kada ku yi da ciki cike da abinci. Idan kun ji zafi mai suka a gwiwa ko a baya ko a wuya, ku tsaya nan take. Mai asma ko sikila ko wani ciwo ya fara tambayar likita. Tsayuwa da ka kuwa, ku bar ta sai ranar da akwai malamin da ya iya a tsaye kusa da ku.

Malam, a yi haƙuri da ƙaryar da na yi. Ina kuma roƙon a ba ni dama in rubuta gwajin lissafin da ya wuce ni.

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare, mamba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.