Kafin a yi wa kwamfutarka fomatin, ka raba rumbunta

A zangon karatun da ya wuce na yi asarar da har yau take damuna. Lokacin hutu na koma gida Gangara, a ƙaramar hukumar Sabon Birni, na naɗi hira da wasu dattawa kan yadda rashin tsaro ya canza noma da cin kasuwa a yankinmu, don aikin da malaminmu ya ba mu. Na kwashe muryoyin daga waya na zuba a laftof. Da na dawo Sakkwato sai Windows ta ƙi tashi, na kai wa wani mai gyara, ya ce sai an yi fomatin. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai tambaye ni ba. Washegari na karɓi laftof tana aiki fes, amma babu ko murya ɗaya a ciki. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya rasu bayan haka, Allah Ya jiƙansa. Wannan hirar ba za ta sake dawowa ba.

Laifin nawa ne. Rumbun ajiyar kwamfutata ɗaki ɗaya ne tal, wanda ake kira C, Windows da kayana duk a cakuɗe. Da na raba shi gida biyu, C na Windows, D na takardu da hotuna da muryoyi, da an share C kawai an bar mini D. Ko a gida ai ba a zuba iri a rumbun da ake ɗiban tuwon yau da gobe.

To, ɗan'uwa, da na fara neman manhajar raba rumbu, sai abokai a guruf ɗin WhatsApp suka yi ta turo mini mahaɗa, kowa na cewa tasa kyauta ce, an riga an fasa ta. A nan nake so mu tsaya. Kyauta iri biyu ce a intanet. Akwai wadda masu manhajar suka bayar da kansu, akwai kuma ta sata, wadda muke kira kirak. Mai fasa manhajar kuɗi ya ɗora maka ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. An sha gano bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa a cikin irin waɗannan manhajoji, kamar wanda ake kira STOP/Djvu. Ka tuna kuma manhajar raba rumbu izini take nema a kan kwamfutar gaba ɗaya. Ka ba ɓarawo makullin gida da hannunka ke nan.

Abin haushin ma shi ne ba ka buƙatar sauke komai. Akwai Disk Management a cikin kwamfutar, kuma tun daga Windows Vista tana iya rage girman C ba tare da share kayanka ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Ka danna ɓangaren dama na maus a kan C, ka zaɓi Shrink Volume, ka sa adadin da kake son cirewa. Da megabait ake lissafin, wato gigabait 100 shi ne 102400. Filin da ya fito babu komai, ka sake danna dama a kansa, ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafin D. Ko megabait ɗaya na data ba ka ƙona ba.

Idan aikin ya fi ƙarfin wannan, misali kana son matsar da wani ɓangare ko ka shirya wa Linux wuri, akwai GParted. Tun 2004 take, kyauta ce ta halal, kowa na iya duba yadda aka gina ta. Ana sa ta a filashi a tayar da kwamfuta da ita, girmanta bai kai gigabait ɗaya ba. Amma daga shafinta na asali za ka sauke, ba daga hannun wani a Telegram ba.

Wannan magana ta ƙara muhimmanci yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawan tsofaffin laftof da ɗalibai ke saye na hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ma'ana mutane da yawa za su sake zuba Windows ko su gwada Ubuntu ko Linux Mint. Duk wanda bai raba rumbunsa ba, abin da ya same ni yana jiransa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ɗora komai a Google Drive ba, tunda ana ba da gigabait 15 kyauta? Ka ɗora, ban hana ba. Amma mu 'yan gabashin Sakkwato mun ga Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Abin da ke intanet ranar nan, kamar ba naka ba ne.

Kar kuma in yaudare ka. Raba rumbu ba laya ba ce. Idan rumbun ya mutu, ko aka sace laftof ɗin, C da D tare za su tafi, kuma bairos mai kulle fayiloli ba ya tsayawa a C. Don haka abin da ba za ka iya jure rasawa ba, ka kwafe shi a filashi ma. Ka yi kwafin kafin ka fara rabawar, ka kuma tabbata batir ya cika, don in wuta ta ɗauke aiki na tsaka, ana iya lalata komai.

Ke 'yar'uwa mai furojet a laftof, da kai mai tara bidiyon TikTok, ku buɗe kwamfutarku yau ku duba. In C kaɗai kuka gani, ku raba. Ranar da za ku kai gyara kuma, ku faɗa wa mai gyara baki da baki: "Malam, C kawai za ka taɓa." Ni ban faɗa ba.