Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Hannunka Mai Sanda Ga Masu Sayen Kwamfuta Ba Tsari

Jama'a, akwai wata cuta da ta kama shugabannin ma'aikatu da makarantu da ƙananan hukumominmu, an kuma daɗe ana yi mata shiru har ta zama kamar ado. Cutar ita ce sayen kwamfuta kafin a san aikin da za a ba ta. Da zarar an naɗa sabon shugaba, ko wasu 'yan kuɗi sun faɗo, sai ka ji an ba da kwangilar kwamfutoci, an share ɗaki an sa labule, an gayyato 'yan jarida an ɗauki hotuna. Koma bayan wata shida ka gani: an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani, mabuɗin ɗakin yana aljihun wani, shi kuwa akawu yana nan da tsohuwar rijistarsa da biro kamar yadda ka bar shi.

Mu mutanen ƙasar Kazaure, daga Roni da Gwiwa har Achilafiya ta 'Yankwashi, da maƙwabtanmu na Babura, mun fi kowa cancantar yin wannan magana, domin a ƙofar gidanmu aka fara kiɗan. Alhaji Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauki fasahar sadarwa a matsayin tutar gwamnatinsa. A 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Nijeriya, kuma shekarar da aka kafa hukumar NITDA, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar mutanen Singafo. An kuma kafa kamfanin Galaxy don samar da intanet a jihar. Wannan hangen nesa ne, duk mai adalci zai yaba. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka ba Babura a 2021. Ke nan ba za mu ce ba mu da yaran da suka iya kwamfuta ba.

To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: bayan fiye da shekara 20, me ya sauya wa mutumin Achilafiya idan ya tashi neman takardar shaidar haihuwa, ko takardar fili, ko fayil ɗin fanshon mahaifinsa? A ofisoshi nawa ne aka daina ce masa "fayil ya ɓata, dawo gobe"? Amsar wannan tambaya ita ce ma'aunin ci gaba. Yawan kwamfutocin da aka saya ba ya cikin lissafi.

Abin da ya kuɓuce mana shi ne abin da masana harkar gudanarwa ke kira tsara dabarun sarrafa bayanai na ma'aikata. Sunan ne kawai mai nauyi, ma'anar kuwa kowane magidanci ya san ta. Kafin ka sayi bulo, kana sanin ɗaki nawa za ka gina da wanda zai kwana a ciki. Haka nan kafin ma'aikata ta sayi na'ura ko ɗaya, dole shugabanninta su zauna su amsa wasu tambayoyi. Me aka kafa mu mu yi, kuma ina muke son kaiwa nan da shekara biyar? Waɗanne bayanai ne aikin ke buƙata, wa ke tattara su, wa ke jiran su, kuma a ina suke maƙalewa? Me muke da shi a hannu na ma'aikata da wuta da kayan aiki? A cikin matsalolinmu goma, wace ce za mu fara da ita? Nawa abin zai ci a tsawon rayuwarsa, wato har da mai ko sola, da kuɗin data, da lasisin manhaja, da gyara, da sauya na'urar idan ta tsufa? Idan ɗan kwangila ya tafi, a hannun wa bayanan da lambobin sirri za su zauna? Sannan da me za mu auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ɗauki misalin ƙaramin asibitin karkara. Burinsa shi ne kada mai ciki ta tsallake awo, kada yaro ya rasa rigakafi, kada magani ya ƙare ko ya lalace a sito ba a sani ba. Wanda ya fara da wannan buri zai iya gano cewa waya ɗaya mai kyau, da ƙaramar sola, da ma'aikaciyar da aka horar, sun fi masa kwamfutoci goma amfani. Wanda ya fara da kwangila kuwa zai kawo goman, ya kawo janareto, ranar da mai ya ƙare shi ke nan an rufe babi.

Su mutanen Singafo da muka ɗauko manhajar karatu a wurinsu, da tsari suka fara. A 1981 suka kafa hukumar kwamfuta ta ƙasa, suka soma da ayyukan ma'aikatun gwamnati. A 1986 suka fitar da wani tsarin na ƙasa baki ɗaya, a 1992 suka sake ɗora wani a kansa. Kowane mataki yana hawa kan wanda ya gabace shi. Mu kuwa mun ɗauko darasin danna kwamfuta mun baro darasin tsarawa a can, kuma kowace sabuwar gwamnati sai ta ture tukunyar da ta tarar a murhu ta ɗora tata.

Kada a zaci ƙauye kawai abin ya shafa. Ƙirga sau nawa aka ɗauki hoton yatsunka a ƙasar nan: rijistar layin waya, da katin zaɓe, da lambar BVN ta banki da aka fara a 2014, da lasisin tuƙi, da fasfo, da lambar NIN. Mutum ɗaya, yatsu goma, amma kowace hukuma ta gina nata rumbun ita kaɗai. Da aka tashi haɗa NIN da layin waya a Disambar 2020, talaka ne ya kwana a layi. Haka tsarin biyan albashi na IPPIS, an shafe shekaru ana kai ruwa rana da malaman jami'a a kan cewa bai dace da yanayin aikinsu ba, har sai da gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa a Disambar 2023. Da an zauna da masu aikin tun farko, da an huta.

Na san za a ce ai matsalarmu rashin wuta ce da rashin kuɗi. To ai wannan hujja tawa ce. Mai kuɗi zai iya yin kuskure ya sake saye, talaka kuwa harsashi ɗaya gare shi, dole ya auna kafin ya harba. Rashin wuta kuma ba baƙo ba ne da ya sauka jiya, duk tsarin da bai lissafa da shi ba shirme ne. Wasu kuma za su ce fasaha tana sauyawa da sauri, tsarin shekara biyar zai tsufa kafin a gama rubuta shi. Gaskiya ne na'ura tana tsufa, amma buƙatar mai ciki ga awo, da buƙatar ɗan fansho ga haƙƙinsa, ba sa tsufa. A kansu ake ɗora tsarin, a riƙa duba shi duk shekara.

Babban laifin kuma na shugabannin da ke cewa wannan aikin "yaran kwamfuta" ne. Yaron da ya iya haɗa waya da saka manhaja ba shi ne zai yanke wa ma'aikata alƙibla ba. Wannan nauyi yana wuyan ciyaman da darakta da shugaban makaranta, ko da kuwa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Akwai kuma waɗanda da gangan suke gudun tsari, domin rijistar da ba ta ɓata ba ta yi wa ma'aikatan bogi daɗi, kuma kwangilar saye ta fi kwangilar gyara maiƙo.

Don haka ina kira ga manyan makarantunmu na Kazaure da Babura da su ba wannan darasi muhimmanci, su kuma shirya gajerun kwasa-kwasai ga shugabannin ma'aikatu, da Hausa in ta kama. 'Yan majalisa da kansiloli kuma kada su sa hannu a kuɗin sayen na'ura sai sun ga rubutaccen tsari da kuɗin kula da ita. Mu kuma talakawa, duk ranar da aka tara mu bikin buɗe ɗakin kwamfuta, kafin mu tafa mu tambaya: wane aiki za ta yi mana, kuma wa zai biya kuɗin manta baɗi?

Allah Ya sa mu gane, Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.